Kira Ga Iyaye Da Direbobin Hanyar Gumel: Cinya Ba Kujerar Yaro Ba Ce

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke ɗaukar 'ya'yanmu ƙanana a cikin mota a nan yankinmu na Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar. Ni dai ƙaramin ɗan kasuwa ne, ina ɗan taɓa harkar riɗi da zoɓo a nan Gagarawa Tasha, kuma abin da zan faɗa a jikina na ji shi, ba labari aka ba ni ba.

Garin nan namu tashar jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ce ta ba shi suna, amma yau kowa ya san mota da babur su ne ƙafarmu. Ko asibiti za ka, ko kasuwa, ko biki, ko ta'aziyya, sai ka hau titi, kuma da wuya ka ga motar da babu yaro a ciki.

Wata ranar Alhamis, yau shekara uku ke nan, na shirya zuwa kasuwar Maigatari, ita kuma mai ɗakina za ta sauka a Gumel wajen sunan ƙanwarta. Muka shiga Golf ta haya, an yi lodi irin wanda aka saba, huɗu a baya biyu a gaba. Ni na samu gaba, ita tana baya da jaririya a hannu. Yaronmu mai shekara biyu ya dinga kuka sai wajen babansa, sai aka miƙo mini shi na ɗora a cinya. Ban biya masa kuɗin mota ba, kuma babu wanda ya tambaye ni, domin kowa ya san yaro a cinya kyauta ne.

Ba mu kai Gumel ba sai ga amalanken shanu ya fito daga gona ya hau titi. Direba ya taka birki iya ƙarfinsa, motar ta ja ta daki gefen amalanken. Tsakani da Allah ba wani gudun tashin hankali yake yi ba. Malam Edita, wallahi da hannu biyu na rungume yaron nan, kuma ni mutum ne da nake ɗaga buhun riɗi in aza a kafaɗa ba tare da an taya ni ba. Amma sai ji na yi ya suɓuce mini kamar jiƙaƙƙen sabulu. Goshinsa ya daki gilashi, ni kuma da ban ɗaura bel ba na bi shi na danne shi da ƙirjina. A asibiti aka yi masa ɗinki a goshi, aka kuma ce ƙashin kafaɗarsa ya karye. Buhu uku na riɗi na sayar kafin mu ga ƙarshen jinyar. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma har yau in na kalli tabon nan sai gabana ya faɗi.

Ina zaune a bakin gadonsa ina zargin kaina, sai wani ma'aikacin jinya ya ce da ni, "Alhaji, daina tuhumar hannunka, babu hannun da zai iya riƙe shi. Wurin da ka zaunar da shi za ka tuhuma." Wannan magana ita ta sa na shiga bin diddigi, ina tambayar masana da 'yan Rod Sefti, kuma ga abin da na fahimta.

Idan mota tana tafiyar kilomita 50 a awa, to, duk abin da ke cikinta shi ma gudun da yake yi ke nan. In ta daki wani abu ta tsaya cak, abin da ba a ɗaure ba shi ba ya tsayawa, sai ya ci gaba da tafiya har ya samu abin da zai tare shi. Masana sun lissafa cewa karo a kan wannan gudu daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, wato kamar saman bene mai hawa uku. Kuma a daidai lokacin karon, ƙarfin da ke fizgar yaro yakan kai nauyinsa sau 20 ko fiye. Yaro mai kilo 10 sai ya koma kamar kilo 200, buhun gero biyu ke nan a ƙiftawar ido. To, jama'a, wace uwa ce za a jefo mata buhun gero biyu ta cafe? Kuma kilomita 50 ai a wajen direbobinmu ba a ma fara tafiya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na shekarar 2023 cewa kimanin mutum 1,190,000 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, kuma babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Ita dai hukumar ta ce kujerar yara ta mota tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100. Ku duba fa, da a ce wani magani ne aka ce yana irin wannan aiki, da tuni mun yi layi a kemis.

A nan gida ma ba a bar mu cikin duhu ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a shekarar 1988, kuma tun ranar 1 ga Janairu, 2003 ta fara tilasta ɗaura bel. Kullum jami'anta suna nanata cewa yaron da bai kai shekara 12 ba a baya ake zaunar da shi. Amma mu me muke yi? Direba ya hango su sai ya jawo bel ya rataya a kafaɗa, da an wuce ya cillar, kamar dai don su aka yi shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu fa mun san ɗauri. Ragon da za a kai Maigatari sai an ɗaure shi tamau kada ya diro. Mai ƙwai ba ya yarda a aza kiret ɗinsa sai ya ga wurin da ba zai motsa ba. Ni kaina ba na barin tasha sai na ja igiyar da aka ɗaure buhunana na ji ta yi ƙarfi. Sai yaro kawai, wanda ya fi duk waɗannan daraja, shi ne ake bari sakaka, wani a cinya, wani a tsaye tsakanin kujeru, wani ya leƙo da kai ta taga, wani a bayan a-kori-kura a saman kaya. Haba jama'a!

Bara Allah Ya hore mini 'yar tsohuwar mota 'yar Kwatano, kuma kafin in sa mata rediyo sai da na je Kano na nemo kujerar yara. Tunda yanzu 'yan kasuwarmu da yawa sun samu abin hawa, bari in faɗi abin da na koya, ko wani zai amfana.

Ita kujerar nan ba komai ba ce illa goyo. Uwa in za ta goya jariri ai sai ta tallafe masa kai da wuya da zani, sannan ta ɗaure da majanyi. Kan jariri babba ne a kan jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Shi ya sa kujerar jariri take kallon baya, wato yaron ya juya wa direba baya, domin in an yi karo ta gaba, bayan kujerar ya tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Wani malamin jami'a a ƙasar Suwidin mai suna Bertil Aldman ne ya fito da wannan dabara a shekarar 1964. Shi ma bel ɗin da ke ratsa ƙirji da ƙugu daga can ya fito, wani injiniyan kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi, aka fara sa shi a mota a 1959. Har yau mutanen Suwidin sukan bar yaro yana kallon baya har ya kai wajen shekara 4.

Wajen zaɓe, nauyin yaro da tsawonsa ake dubawa, ba kyan kujera ba. A tsarin Turai da aka daɗe ana bi, akwai ta jarirai daga haihuwa zuwa kilo 13, mai kallon baya. Akwai ta kilo 9 zuwa 18, mai igiyoyinta na kanta da ke kama kafaɗu da ƙugu da tsakanin ƙafafu. Sai ta kilo 15 zuwa 36, wadda aikinta ta ɗaga yaro sama don bel ɗin manya ya zauna masa daidai. Sabon tsarin da suka fito da shi a 2013 da tsawo yake aiki, kuma ya hana a juya yaro ya kalli gaba kafin ya cika wata 15. In ba ka san nauyin ɗanka ba, katin awonsa na asibiti yana nan, ko ka aza shi a sikelin da muke auna riɗi.

Na san yawancinmu gwanjo za mu saya, kamar yadda ni ma na yi, to, sai a buɗe ido. A juya kujerar a duba ƙarƙashinta. Ta Turai takan zo da wata takarda mai ruwan lemo a manne, da harafin E a cikin da'ira, da nauyi ko tsawon yaron da aka yi ta dominsa. A nemi shekarar da aka ƙera ta, domin roba tana tsufa, kuma masu ƙerawa sukan ba ta shekara 6 zuwa 10 ne, balle a irin zafin ranarmu. A cire rigar a duba ko akwai tsagewa. A ja igiyoyin a ga ba su zare ba, ba a kuma yi musu ɗinkin tela ba. A danna maƙullin a ji ya ce ƙas, a ja a ga bai buɗe ba. Wadda aka taɓa yin mummunan haɗari da ita ta gama aiki, ko da ido bai ga komai ba. In mai kaya ya ce "ai wannan ɗan gyara ne," ka ba shi abarsa. Araha ba ta ado.

Sai ɗaurawa, kuma a nan ne na yi abin kunya. Wata guda ina yawo da kujerar a ajiye kawai, na zagaya mata bel sama-sama, ina ganin na gama. Wani jami'in Rod Sefti ne ya tsayar da ni, ya sa hannu ɗaya ya girgiza ta, sai ga ta tana lilo. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan ai da kujerar da yaron za su tashi tare." Shi ya tsaya a rana ya nuna mini, Allah Ya saka masa da alheri.

Na farko, a baya ake ɗaura ta. Kujera mai kallon baya ba a taɓa sa ta a gaba in motar tana da jakar iskar nan da ke fashewa lokacin karo, domin da ƙarfin gaske take fitowa, kuma kan jaririn za ta daka. Na biyu, bel yana da hanyarsa a jikin kujerar. A yawancin na Turai, alama shuɗiya ita ce hanyar mai kallon baya, ja kuma ta mai kallon gaba, sababbi kuwa kore suke sawa. Akwai zane a gefe, ko wanda bai yi boko ba zai gane. Na uku, ka sa gwiwa ka danna kujerar, ka ja bel ɗin har ya ƙare, kada ya murɗe. Sannan ka kama ta daidai inda bel ya ratsa ka girgiza, in ta gusa fiye da inci ɗaya, kwance ka sake. Wasu motocin suna da ƙarafa biyu a ɓoye a lungun kujerar baya da ake maƙala ta kai tsaye, ana ce musu ISOFIX, an fara sa su a Golf ta 1997. Tsofaffin Golf ɗinmu da suka riga wannan ba su da su, bel ne kawai, kuma ya wadatar in an ja shi da kyau.

Na huɗu, ta sabon jariri a ɗan kishingiɗe take zama, don kada kansa ya rinjayo gaba ya toshe masa numfashi. Na biyar, in ka zaunar da yaro ka ja igiyoyin har sai ka kasa tsunkuno su da yatsu biyu a kafaɗarsa. Lokacin hunturu a cire masa babbar rigar sanyi tukuna, a ɗaure shi, sannan a lulluɓa masa bargo a sama. Lokacin bazara kuwa a taɓa ƙarfen maƙullin kafin a sa yaro, domin yana ƙuna. Kuma kada a kuskura a bar yaro a rufaffiyar mota a ce "yanzu zan dawo," zafin cikinta yana kisa.

Babban yaro ma ba a gaggawar ba shi bel ɗin manya. Dole ya bi ta tsakiyar kafaɗa, ba ta wuya ba, na ƙasa kuma ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba. A Ingila doka ta ce sai yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 kafin ya rabu da kujerarsa.

Yanzu na san wani zai ce, "Wannan mutum ya samu mota ya manta da talaka, mu da ko babur ba mu da shi ina ruwanmu da kujera?" Gaskiyarka, ɗan'uwa. Ni ma a motar haya abin ya same ni, kuma na san babu yadda za a ɗaura kujera a Golf mai huɗu a baya. Amma akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Kada ka shiga gaba da yaro, ko direba ya ce nan ne kaɗai ya rage, jira ta gaba. In dole sai an riƙe jariri, a zauna a baya, babban ya ɗaura bel a jikinsa shi kaɗai in akwai. Kada a haɗa uwa da ɗa a bel ɗaya, domin nauyinta ne zai matse shi. Wannan ba kariya ce cikakkiya ba, rage asara ce kawai. Yaron da ya tasa kuwa a daure a biya masa kujerarsa. Na ƙi biyan kuɗin mutum ɗaya zuwa Maigatari, na ƙare da sayar da buhu uku. Haka masu babur da ke aza yaro a kan tanki su jera uku a baya, su ji tsoron Allah.

Wani kuma zai ce ai nan da Gumel ne, ba nisa. To, ni ma nan da Gumel ne. Amalanke da jaki da ramin titi ba sa tambayar inda za ka. Wani ya ce yaro ba ya yarda, kuka yake yi. Nawa ma ya yi, kwana uku ya saba, yanzu shi ke tuna mini. Ai ranar allurar rigakafi ma yana kuka, ba mu fasa ba. Mai 'ya'ya da yawa ya fara da ƙaramin, sauran su zauna a baya da bel, in ƙaramin ya girma ƙaninsa ya gada, ko a ara wa maƙwabci.

Sai masu cewa in kwana ya ƙare ko an ɗaure sai an tafi. Wannan haka yake, babu mai ja. Amma mai faɗin haka da dare sai ya sa wa shagonsa kwaɗo biyu, ya turke jakinsa, ya kai hatsinsa rumbu. Ban taɓa ganin wanda ya bar kuɗinsa a bakin titi ya ce in rabonsa ne zai tarar da su ba. Kuma ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. Akwai yaron da zai rayu amma ƙafa ta tafi, ko ƙwaƙwalwa ta taɓu, ya zama sai an kwantar an tayar har ƙarshen rayuwarsa. 'Ya'yan nan amana ce a hannunmu, kuma su ba su ne suke zaɓar inda za su zauna ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na tashoshin Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, da su kafa doka a tsakaninsu cewa ba a lodin mai yaro a gaba, 'yan kamasho su riƙa ba mata masu goyo baya. Su kuma sa direbobi su zaro bel ɗin baya da aka cusa ƙarƙashin kujera. Ina kira ga hukumar FRSC da kada aikinta ya tsaya ga tara, ta riƙa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da kujera a hannu tana nuna wa jama'a yadda ake ɗaurawa. Ina kira ga ma'aikatan lafiya da su sa wannan cikin bayanin da suke yi wa mata ranar awo, domin tafiyar jariri ta farko a mota ita ce ta komawa gida daga asibiti. Ina roƙon Masarautar Gumel da hakimai da dagatai da limamanmu su sa baki, domin maganarsu ta fi tawa nisa. Gwamnatin Jihar Jigawa da ƙananan hukumominmu kuma su duba yiwuwar sa irin wannan kujera a motocin asibiti da na gwamnati, don a gani a koya. 'Yan'uwana 'yan kasuwa masu sayo kaya a Kano, ku fara kawo ta, mai kyau ba ruɓaɓɓiya ba. Masu kai kayan barka, maimakon turmin atamfa na biyar, ku haɗa kuɗi ku sayi kujera in gidan akwai mota. Kowa kuma ya ajiye lamba 122 a wayarsa, ita ce ta kiran 'yan Rod Sefti kyauta in an yi haɗari.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ni Allah Ya rufa mini asiri, ɗana yana nan yana wasa a tsakar gida da tabonsa. Ba na fatan wani uba ya zauna inda na zauna a bakin gadon nan yana kallon hannuwansa. Da na sani ƙeya ce, in kunne ya ji kuwa jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya raya mana zuriya, Ya sa mu gane, amin.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu,
Gagarawa Tasha, Jihar Jigawa.